Shatin Yatsun Mai Tsani

Idan ka shiga tsohuwar unguwa ta ƙofar da motocin baƙi ke tsayawa, ka wuce mai sayar da huluna da mai gyaran takalmi, za ka tarar da wani dattijo zaune kan kujerar roba a bakin wani kango da aka zagaye da igiya. Rigar hukuma ce a jikinsa, ruwan ƙasa, ta yi masa yawa a kafaɗa. Aikinsa shi ne ya ɗaga igiya baƙi su shiga, ya sauke in sun fita. Mai Tsani ake ce masa. Yanzu ba shi da tsani, sunan ne kawai ya ƙi barinsa. Kangon da yake gadi kuwa ɗakin mahaifiyarsa ne.

Magini ne ɗan magini. Sama da shekara talatin ba wanda ya taɓa ganinsa a lungu ba tsani a kafaɗa, har mutanen unguwa suna tsokanarsa wai da shi yake kwana. Gidajen unguwar duk na ƙasa ne, rufinsu ma ƙasa ce a kan azara, kuma ginin ƙasa ba a taɓa gama shi. Kowace shekara kafin ruwan farko sai an kankare inda ya ruɓe, a cike tsaga, a buɗe indararo, a shafa sabon yaɓe. Ana kwaɓa ƙasar da ƙaiƙayi, a bar ta kwana uku har ta fara wari, sannan magini ya hau ya shafa ta da tafin hannunsa. In ya zo shafar ƙarshe sai ya buɗe yatsu ya ja su daga sama zuwa ƙasa, don ruwan sama ya sami hanyar da zai bi ya sauka maimakon ya tsaya ya ci bango.

Da wannan shatin ake gane aikin kowa. Sauran magina layi huɗu suke bari, shi layi uku, domin yana ɗan shekara goma sha bakwai azara ta faɗo ta datse masa ƙaramin yatsan hannun dama. Abokan aikinsa sun sha yi masa ba'a cewa bai kamata a biya shi ladan cikakken magini ba tunda ba da cikakken hannu yake aiki ba. Sai ya yi dariya ya ce su je su duba bangon wa ya taɓa zubewa. Ba a taɓa samu ba. Ubansa ya rene shi a kan cewa mutum ya bar tsaga a bangon gidansa daidai yake da ya fita kasuwa da yagaggen wando, kuma a haka ya girma, bai san wata hanyar kallon bango ba.

Baƙi masu yawon buɗe ido sun fara zuwa ne ɗai-ɗai, da jaka a baya da kyamara a wuya, suna tsayawa suna kallon abin da ba wanda ya taɓa tsayawa ya kalla. Daga baya suka koma zuwa mota-mota. Kada a yi ƙarya, sun zo da alheri, kuma Mai Tsani ko a yau ba zai yarda a ce ba su zo da shi ba. Saboda su aka zuba kwalta har bakin ƙofar unguwa. Saboda su aka ja ruwan famfo, aka kafa fitilun titi, aka buɗe ɗakin shan magani. Samarin da a da ke zaman kashe wando a gindin bishiya suka zama direbobi da masu dafa abinci a otal. A rediyo kullum sai wani babba ya fito ya ce yawon buɗe ido ya zama ginshiƙin tattalin arzikin ƙasa, yana kawo kuɗin waje, yana samar wa matasa aiki. Matar Mai Tsani ta kafa tebur tana sayar wa baƙi ruwan sanyi da lemo, kuma da wannan tebur ɗin aka yi wa ƙaramar 'yarsu, wadda kowa ke kira Auta, karatu har ta iya harshen baƙin kamar a can aka haife ta. Wannan duk gaskiya ne. Abin da rediyo ba ta faɗa shi ne wanda ya biyo baya.

Wata rana jami'in hukumar yawon buɗe ido ya tara masu unguwa. Matashi ne mai tsabta, kullum da fayil a hammata, shi ya sa aka laƙaba masa Mai Fayil. Ya ce nan da mako ɗaya wasu manyan baƙi za su zo daga ƙetare su duba unguwar, in ta yi musu za a saka ta cikin wuraren tarihi da duniya ta sani, baƙi su ninku, arziki ya ninku.

Ya ce, “Don Allah kowa ya shirya. Kada a ba mu kunya.”

Iyakar abin da ya faɗa ke nan, ya shiga mota ya tafi. To me magini zai ji in an ce masa manyan baƙi na tafe, kada a ba da kunya? Mai Tsani ya tsaya a bakin lungu ya duba hagu da dama, ya ga bangaye sun yi furfura, wasu sun zaizaye har ana ganin tubali. Mafi muni shi ne bangon ɗakin mahaifiyarsa, Inna, wanda ke kallon titi. Wata tsaga ce ta taso daga ƙasa ta yi rassa har kusa da rufi, wadda ya daɗe yana cewa zai cike, aikin mutane yana hana shi. Ya lura baƙi na yawan tsayawa suna ɗaukar ta hoto, kuma duk lokacin da ya gani sai ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. A tunaninsa dariya suke zuwa yi wa gidan magini.

A yammacin ranar ya tara magina bakwai na unguwar. Ba wanda ya yi maganar lada. Suka kwaɓa ƙasa, suka jira ta kwana uku, sannan suka bi babban lungu tun daga ƙofa har zuwa tsohuwar rijiya suna yaɓe, daga fitowar rana zuwa faɗuwarta. Mata na ɗebo ruwa, tsofaffi na zaune suna nuna inda aka tsallake. Bangon Inna shi da kansa ya yi, bai bar kowa ya taɓa ba. Ya cike tsagar nan tun daga tushe, ya shafe ta sumul, ya ja yatsunsa uku a kai layi bayan layi. Inna ta fito da sandarta ta ɗaga kai ta duba.

Ta ce, “Yau dai na ga amfanin haihuwar magini. Ashe sai baƙi za su zo ake tunawa da uwa.”

Ranar zuwan baƙin ya saka farar rigarsa ya tsaya a ƙofar gida, hannuwa a baya, yana jiran a yaba. Suka iso su biyar, a gabansu wata tsohuwa mai farin gashi riƙe da ɗan littafi mai hotuna. Ta tsaya daidai bangon Inna. Ta duba littafin, ta duba bangon, ta sake duba littafin. Sai ta dafe kai. Mai Tsani ya leƙa ya ga hoton da ke shafin: tsagar nan ce, an ɗauke ta da rana tana faɗuwa, an buga ta babba a shafin farko.

Mai Fayil ya ja shi gefe.

“Baba, me kuka yi haka? Wa ya saka ku?”

“Yallaɓai, ai kai ka ce a shirya.”

“Shara nake nufi. A kwashe bola, a ɗaure awaki. Kun san abin da kuka shafe? Wannan tsagar ita ce a jikin kowace takardar talla da muka aika ƙetare. Mutane na hawa jirgi saboda ita. Tsufa suke zuwa gani, Baba, tsufa. In sabon bango suke so, ai akwai shi a garinsu.”

Mai Tsani ya ce, “Amma ai in ba a cike ta ba, ruwa zai shiga.”

Mai Fayil ya dube shi kamar ya yi magana da wani yare, ya juya ya bi baƙin yana ba su haƙuri.

An dai saka unguwar a cikin wuraren tarihi, da ƙyar, albarkacin lungunan baya da magina ba su kai gare su ba. Wato abin da ya cece su shi ne aikin da suka kasa gamawa. Bayan wata guda aka kafa allo a ƙofar unguwa: daga yau ba mai taɓa bango ko rufi ta waje sai da izinin hukuma a rubuce, wanda ya saɓa a ci shi tara, in ya sake a tashe shi daga gidan. Magina bakwai suka wayi gari ba su da sana'a a unguwar da kakanninsu suka gina. Biyu suka koma ɗaukar bulo a sabuwar unguwa, ɗaya ya sayi babur, sauran suka zauna a gida. Mai Tsani aka ba shi aikin shara a babban lungu, da riga ruwan ƙasa. Ya karɓa, don mutum ba ya cin zuciya ya ƙoshi, amma kullum yana shara idonsa na kan bangaye.

Baƙi suka ninku kamar yadda aka yi alkawari. Aka gina otal biyu. Teburin matarsa ya zama ɗan shago mai firji. A damina ta uku tsagar bangon Inna ta dawo, siririya kamar zare, kuma ranar da Mai Fayil ya gan ta har da murmushi ya yi, ya ɗauke ta hoto. A damina ta shida rufin ya fara yoyo.

Mai Tsani ya shiga ɗakin ya ɗaga kai. Ya ƙwanƙwasa azara ta uku da sandar Inna, ta amsa masa da sautin da ya sani, sautin icen da ruwa ya jiƙa gara ta cinye cikinsa. Indararon ya toshe da ciyawar da ta tsiro a kai, ciyawar da baƙi ke cewa ta yi kyau a hoto, saboda haka ruwa na kwanciya a rufi yana tsuma ƙasa. Aikin kwana biyu ne: a buɗe rufi ta sama, a canja azara ɗaya, a mayar da ƙasa, a yaɓe. Ya yi irinsa ya fi sau ɗari a gidajen mutane.

Ya je ofis neman izini. Aka ba shi takarda ya cike, Auta ta cike masa. Aka ce sai kwamiti ya zauna. Da kwamiti ya zauna aka ce sai masanin gine-ginen tarihi ya zo daga ƙetare ya duba, don kada a maimaita ɓarnar da aka yi a baya. Wanda ya yi ɓarnar kuwa yana zaune a kan bencin ofishin da hula a hannu, kowa ya san da shi ake. Ya ce musu shi ma masani ne, a hannunsa aka gina rabin rufin unguwar. Wata sakatariya ta tambaye shi ko yana da takardar shaida. Ya duba tafin hannunsa. Shekara biyu yana sintiri, har masu gadin ofishin suka daina tambayarsa wurin wa ya zo.

A cikin ɗaki kuwa kwanoni suna ƙaruwa. Da an fara yayyafi sai a jera su, ɗaya kusa da gado, ɗaya bakin ƙofa, biyu a tsakiya. Ya tokare azarar da ginshiƙin ice ta ciki, abin da doka ba ta hana ba ke nan, amma ya san tokara ba ta maganin ƙasa mai shan ruwa. Ya roƙi Inna ta koma ɗakin matarsa kafin a sami izini.

Ta ce, “A ɗakin nan aka kawo ni, a nan na haife ka, a kan gadon nan ubanka ya cika. Ina za ni? Kai ne magini ko su? Hau ka gyara mini ɗakina.”

“Inna, an hana.”

“An hana ɗa ya toshe wa uwarsa yoyo? Wane mara uwa ne ya hana?”

Wannan magana ta zauna masa a ƙirji ta ƙi sauka.

A shekara ta takwas, ana saura kwanaki damina ta faɗi, ya kwaɓa ƙasa a tsakar gida, ya sayo azara ya ɓoye a bayan bandaki. Da safe, rana na fitowa, ya ɗauko tsaninsa da ya shekara takwas a jingine ya kafa a jikin bangon da ke kallon titi. Bai yi a ɓoye ba, domin a ganinsa mutum ba ya satar gyaran gidansu. Ya hau. Ya tuge ciyawar indararo, ya fara buɗe ƙasar rufin da hannu, tana fitowa baƙa, jiƙaƙƙiya tun ruwan bara. Ranar nan ya ji jininsa na gudu yadda ya daɗe bai ji ba. Wasu baƙi da ke wucewa suka tsaya suna ɗaukar sa hoto, suna murna sun ga abin gargajiya.

Ba a yi awa ɗaya ba Mai Fayil ya iso da ɗan sanda. Yanzu ya yi ƙiba, an ƙara masa girma, wani ne ke riƙe masa fayil ɗin. Bai ɗaga murya ba.

“Baba, sauko mu yi magana.”

“Ina jin ka daga nan, Yallaɓai. Kwana biyu nake nema. In na gama ku ci ni tarar, ku ɗaure ni in kun ga dama.”

“Ba wanda zai ɗaure ka. Amma ka san an ɗauki Auta aikin rakiyar baƙi watan jiya, tana cikin watannin gwaji. Mutum ɗari uku suka nema, aka ɗauki shida. Ni na saka hannu a takardarta. In masu duba unguwa suka ji cewa mahaifin ma'aikaciyarmu ne ya sake taɓa bangon nan, wannan bangon musamman, me kake so in ce musu? Ka yi wa yarinyar nan tunani.”

Mai Tsani ya duba ƙasa. A bayan taron ya hango Auta cikin sabuwar rigar aiki, da katin shaida a wuya, ta kawo baƙinta na farko a ranar. Ba ta ce masa ya sauko ba, ba ta ce ya zauna ba, ta dai sunkuyar da kai. Daga cikin ɗaki, ta ramin da ya fara buɗewa, ya ji muryar Inna tana tambaya me ya sa aka daina aiki.

Ba wanda ya taɓa shi. Wannan shi ne abin da ke cin sa har yau. Da ɗan sandan ya hau ya jawo shi, da ya sami wanda zai ɗora wa laifi. Da ƙafarsa ya sauko, matakala bayan matakala, bayan ya mayar da ƙasar da ya buɗe ya danna ta da tafin hannu iya yadda zai iya. Ɗan sandan ya saɓi tsanin ya tafi da shi ofis, kuma ko riƙe shi bai iya ba, yana ta buga shi a bangayen mutane.

Ruwa na huɗu a daminar nan ya fara ne da hantsi, bai ɗauke ba har la'asar. Mai Tsani yana rakuɓe a ƙofar ɗakin Inna yana saurare. Ba yoyon yake saurare ba, ya saba da shi. Da ya ji azara ta yi wata ƙara 'yar ƙarama kamar an taka busasshen kara, sai ya shiga, ya sunkuci Inna ya goya a baya. Ta dake shi da sanda, ta zage shi, ta ce ya sauke ta ya mayar da ita gadonta. Ya kai ta ɗakin matarsa ya ajiye. Bai kai ga komawa ya ɗauko akwatinta ba rufin ya zauna gaba ɗaya, ya ja bango uku suka bi shi. Bangon da ke kallon titi kaɗai ya tsaya, wanda ya yaɓe da hannunsa.

Hukuma ta yi abin kirki, kowa ya shaida. Ta kama musu gida a sabuwar unguwa, na siminti da rufin kwano, tunda sauran ɗakunan ma an ce ba su da aminci. Inna ba ta sake zagin kowa ba, wannan ne ya tayar masa da hankali. Ta kwanta ta juya fuska ga bango, wani lokaci ta miƙa hannu ta shafa shi ta ce bangon nan ba ya ƙamshin komai. Wata biyu ta yi a ɗakin ta rasu. Likita ya ce tsufa ne.

Masanin da aka shekara biyu ana jira ya iso bayan damina. Ya zagaya kangon, ya auna, ya yi rubuce-rubuce, ya ba da shawara a bar shi yadda yake, domin yana nuna wa baƙi yadda cikin ginin ƙasa yake. Aka kwashe gado da kwanoni, aka zagaye wurin da igiya, aka kafa allo da harshen baƙi. Da aka zo neman mai gadi, Mai Fayil ya tuna da shi, ya ce ai ba wanda ya fi shi cancanta, kuma zama ya fi shara sauƙi ga dattijo. Da zuciya ɗaya ya faɗa, har yana jiran godiya. Mai Tsani ya gode masa.

Yanzu kangon ne wurin da baƙi suka fi tsayawa a duk unguwar. Abin da suka fi so shi ne shatin yatsun da ke jikin bangon da ya rage. Kowa sai ya ɗora hannunsa a kai an ɗauke shi hoto. Mai Tsani ya daɗe a cikin baƙi har ya tsinci 'yan kalmomi na harshensu, gaisuwa da lambobi da kalmar da suke kiran tsohon abu da ita. Ya lura duk mai rakiya in ya zo gaban bangon sai ya ɗaga yatsu uku, ya faɗi wata lamba, baƙi su girgiza kai cikin jimami. Ya daɗe yana jin lambar kafin ya yarda da kunnensa. Ɗari huɗu suke cewa.

Wata ranar da Auta ta kawo nata baƙin, ta yi bayanin, ta ɗaga yatsu uku ita ma, ya jira sai da baƙin suka wuce zuwa shagon sayen tsaraba. Ta dawo ta kawo masa ruwan sanyi, ta durƙusa kusa da kujerarsa yadda ta saba.

“Auta, me kike gaya musu a kan bangon nan?”

“Tarihin unguwa ne, Baba.”

“Na ji ɗari huɗu. Ɗari huɗun me?”

Ta murza katin da ke wuyanta. Sannan ta faɗa masa, a hankali, ba ta kalle shi ba. A takardar da aka ba su su haddace, an rubuta cewa shatin ya shekara ɗari huɗu. An rubuta cewa maginan da can sukan yanke yatsa ɗaya ranar da suka ƙware, alamar sun ba da kansu ga sana'a, shi ya sa layin uku ne. An rubuta cewa sana'ar ta ɓace, ba sauran wanda ya san yadda ake yin ta.

Ya ce, “Shekara goma ke nan da na ja layin nan. Ke kika riƙa miƙo mini ruwa a bokiti, kina sanye da kayan makaranta.”

“Na sani, Baba.”

“Kin san azara ce ta datse shi.”

“Na sani.”

“To me ya hana ki ce musu ga mai hannun nan a zaune?”

Sai a lokacin ta ɗago, idonta ya cika.

“Na taɓa niyya. Amma in na ce naka ne, za su tambaye ni ina kake ɗakin ya faɗi. In na ce an hana ka, za su tambayi wa ya hana. In na ce ka hau ka sauko, za su tambayi me ya sauko da kai. Baba, me zan ce musu?”

Ya so ya yi fushi, ya nemi fushin ya rasa inda zai ajiye shi. Yarinyar nan ita ke biyan kuɗin makarantar 'ya'yan yayarta, ita ta saya wa uwarta maganin hawan jini watan jiya, kuma saboda ita ya sauko. In ta buɗe baki yau, saukowar ta tashi a banza, Inna ma ta tafi a banza.

Ya ce, “Tashi, baƙinki na jira.”

Wata motar ta tsaya a ƙofa, wani ayarin ya shigo da wani mai rakiya. Mai Tsani ya miƙe ya ɗaga musu igiya. Aka yi bayani, aka ɗaga yatsu uku, aka girgiza kai. Wata mata mai tabarau ta ɗora hannunta a kan shatin, ta naɗe ƙaramin yatsanta don ya dace da layin, ta yi dariya. Da ta juyo za ta fita sai idonta ya sauka a kan hannun da ke riƙe da igiya. Ta tsaya. Ta dubi hannun, ta waiwaya ta dubi bangon, ta buɗe baki za ta yi magana.

Mai Tsani ya mayar da igiyar hannun hagu, ya cusa na dama a aljihun rigar hukuma, ya yi mata murmushi, ya gaishe ta da harshensu.